Jaririn Wankan Gida

An ce a Birnin Rukkai an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda ya kafa inshorar lafiya domin 'ya'yan talakawa. Duk yaron da ke da kati, kyauta ake duba shi a asibiti. Sai fadawa suka sa sharaɗi, wai kada baƙi su cinye asusun: ba a ba da kati sai ga yaron da ubansa ɗan gari ne, shi ma sai an raɗa masa suna.

Wata rana da hantsi, Sarki na zaune gindin tsamiyar fada, aka shigo da wata tsohuwa mai sayar da daddawa, sunanta Marka. 'Yarta da ke aure a wani gari ta zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, amma cibiyar jaririn ta kumbura, ya ƙi kama nono.

Marka ta faɗi ta ce, "Allah ya ba ka nasara, asibiti sun koro mu. Wai uban ba naku ba ne. To uwar fa? A gaban idonku ta yi rarrafe!"

Sarki ya ji abin har cikin ƙirjinsa, amma Waziri na kallonsa. Ya ce, "Iya, doka ce. Ku kai shi garin ubansa."

Marka ta fita, ta zauna a ƙofar fada da jaririn a cinyarta. Sai wata shamuwa da ke da sheƙa a kan tsamiyar ta sako kara, ya faɗo daidai kan rawanin Sarki.

Sarki ya ɗaga kai ya ce, "Ke baƙuwar damina, fadar tawa kike jifa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sallama nake yi. Ni ma haihuwa ce take kawo ni garinka, gara in kwashe ƙwaina tun ba a tambaye ni katin ubansu ba. Na ga ƙarshen irin wannan doka."

Ya ce, "A ina?"

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce:

"Bayan babban kogi akwai garin da nake yada zango. Wata yarinya, Ladiyo, ta zo wankan gida can, ta haifi namiji. Kafin suna idanunsa suka yi ruwan ɗorawa. Asibitin garin suka ce na garin ubansa ne. Aka hau mota, ga mai jego da ɗanyen jiki. Garin uban suka ce, 'Yaya sunansa?' Aka ce ba a yanka rago ba tukuna. Suka ce a dawo bayan suna. A hanyar komawa ya cika, ina bisa ina kallo. Kuma ka san kunyar ɗan fari: Ladiyo ko kuka ba ta isa ta yi a gaban mutane ba. Ta kama bakin zane ta cusa a baki, nono na zuba a rigarta, ba mai sha.

"Unguwarzomar da ta yanke masa cibiya ta tafi fadar garin, ta ƙi cire takalmi, ta ce wa sarkinsu, 'Saurara ka ji labarin makiyaya biyu.

"'Wata tunkiya ta haihu a kan burtalin da ya raba makiyaya biyu, ta kasa tashi. Na gabas ya duba kunnen ɗan, ya ce babu shaidarsa. Na yamma ya duba, ya ce babu tasa. Kowa ya kora garkensa. Kura ta zo, ba ta duba kunne ba, ta ɗauke. Da ta ɗanɗana, ta gane hanya, ta riƙa shiga garken gabas da na yamma tana zaɓa. To, kai da maƙwabcinka kun duba kunne. Sai ku jira kura.'

"Sarkin ya sa aka fitar da ita. Ranar suna aka mayar da ragon kasuwa."

Nan shamuwa ta kai ƙarshen labarinta. Waziri ya yi tsaki ya ce, "Tsuntsuwa me ta sani game da asusu?"

Ta ce, "Ban sani ba, Waziri. Tambaya ɗaya gare ni. Ranka ya daɗe, kai a ina aka binne cibiyarka?"

Asalin Sarki Jatau ya faɗo masa a rai. Ɗan fari ne shi. A wani ƙauye da ba ya cikin ƙasarsa aka haife shi, a ɗakin kakarsa. Ya tuna mahaifiyarsa, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ya hango ta a ransa tana yarinya, tsaye a ƙofar asibiti da shi a hannu, ana ce mata, yaya sunansa?

Ya miƙe, rawani a karkace. "Ashe ƙofa na rufe wa uwata! Waziri, daga yau duk jaririn da ya faɗo a ƙasar nan namu ne, da suna ko babu. Katin uwa ya ishe shi. Wadda ba ta da shi, kukan ɗanta ya isa."

Waziri ya ce, "Sai an zauna an..."

"Zauna kai kaɗai!"

Ya fita ba takalmi, ya karɓi jaririn daga cinyar Marka, jikin zafi rau, ya nufi asibiti da ƙafa. Marka na biye tana cewa, "Tallafe masa wuya, ranka ya daɗe, ba sandar mulki ba ce!"

Yaron ya tashi. Ranar suna aka yanka rago, mata suka yi guɗa har ta iso fada. Sarki ya ɗaga kai ya ce wa shamuwa, "Kin ji? An sa masa Salisu. Wancan na bayan kogin fa, wane suna aka so sa masa?"

Shamuwa ta gyara kwanciya a kan ƙwanta, ta ce, "Uwarsa kaɗai ta sani, ranka ya daɗe. Har yau ba wanda ya tambaye ta."