Kunyar Da Ta Hau Shafin Mujalla

Akwai wani likitan yara, ƙwararre mai haƙuri, amma kunya ta yi masa yawa. Ba ya iya cewa a'a, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Dakta Ba-Musu.

Shi ya kai wa wata mujallar likitoci shawarar a ware fitowa guda a kan farfaɗiyar yara. Babbar editar ta amince, ta damƙa masa aikin. Ta ce, "Duk abin da ya shiga, da yawunka ya shiga."

Cikin maƙalolin da suka zo har da ta farfesan da ya koyar da shi. Farfesa ya rubuta cewa ana iya janye wa yaro magani da wuri in ya daina faɗuwa. Masu tantancewa suka ce yaran da aka gwada ba su da yawa, bugawa ganganci ne.

Ba-Musu ya tafi ofishin Farfesa da niyyar faɗa masa. Farfesa ya tarbe shi da murmushi.

"Ɗana, ka ga aikin?"

Ba-Musu ya sunkuyar da kai. "Na gani, Malam. Ya yi."

Aka buga.

Bayan wasu watanni, yana cikin duba marasa lafiya, ƙanwarsa, wadda 'yarta ke fama da farfaɗiya, ta kira shi tana kuka. "Yaya, ka zo! 'Yata ta faɗi, jijjigar ta ƙi tsayawa!"

Ya tarar da yarinyar a ɗakin gaggawa, idanu sun juye, leɓe ya yi shuɗi, ma'aikatan jinya na ta neman jijiya. Ya tambayi likitanta me ya faru.

"Mun janye mata magani ne, ranka ya daɗe. A fitowar da ka shirya muka karanta."

Ya jingina da bango. Yarinyar ta farfaɗo da ƙyar, amma tsoronsa bai kwanta ba. Asibiti nawa mujallar ta shiga? Yara nawa aka janye wa magani? Ya kira babbar editar, aka janye maƙalar. Har yau, in wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi.

Girmama malami abu ne mai kyau, amma wanda aka ba amanar lafiyar mutane dole ya faɗi gaskiya ko a gaban wa. Idan ka ji kunyar babba ka yi shiru, wanda bai san komai ba ne zai sha wahalar shirunka.