Akwatin Meshak Mai Shan Ruwa

A Kafanchan, a shekarar 1974, an yi wani mutum mai suna Meshak, mai gyaran rediyo a wata 'yar rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa. Hannunsa na da kyau, wannan babu mai musu. Kunnensa ne ke da ciwo, ba na kurumta ba, na ƙin jin maganar mutane. Ya taɓa yin karatun lantarki ta gidan waya, aka aiko masa da darasi uku daga ƙasar Turawa, na huɗun ya ɓace a hanya. Da ukun nan ya sa aka rubuta INJINIYA a allon rumfarsa, da manyan baƙaƙen da direban jirgi kan karanta tun bai taka birki ba. In ka kira shi Meshak tsurarsa, ba ya waiwayowa. Sunan nan ya fi masa tuwon dare daɗi.

A shekarar ce ya haɗa amfilifaya, wato akwatin ƙara murya, da hannunsa. Ya kwashe kayan cikin matattun rediyoyi bakwai, ya jera su a tsohon akwatin sabulu, ya liƙe da dalma. Ya samo ƙatuwar lasifika mai bakin kakaki wajen wani mai tallar magani da ya tuba, ya jona da batirin mota. Sai waya guda da littafinsa ya ce dole a kai ta ƙasa. Ya zura ta ta taga, ya ɗaure a jikin wani guntun ƙarfe da ya kafa a bayan ɗaki, daidai inda matarsa Lai'atu ke zubar da ruwan wanke-wanke safe da yamma. Bai zaɓi wurin don komai ba, sai don nan ne ƙasa ta fi laushi.

Ranar gwaji ya yi gyaran murya sau ɗaya a makirfo. Waɗanda suka gani sun rantse duwatsun Kagoro sun maido masa da tarin nan sau uku, akuyar maƙwabta kuma ta haihu saura mako biyu.

Labari ya kai kunnen Mama Afiniki, shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu. Taron shekara na tafe, mata za su zo daga Manchok da Gwantu har da Kasuwan Magani, ga shi bara waɗanda ke zaune a baya ba su ji wa'azi ba sai dai su ga bakin Rabaran na motsi. Ta zo har gida ta ce, “Injiniya, wannan abu naka ba zai ba mu kunya ba ko?”

Meshak ya daki ƙirji ya ce, “Mama, in ya yi ko tari a wurin taron nan, ki je da kanki ki sauke allon rumfata.”

“To, na ji da kunnena,” in ji ta.

Saura kwana goma taro, Lai'atu ta tafi Manchok duba mahaifiyarta. Watan Maris ne, rana na dukan ƙasa kamar ta yi mata laifi. Meshak ya koma cin abinci a kasuwa, ba wanke-wanke a gida. Kwana huɗu da tafiyarta akwati ya kamu da ciwo. Da an kunna sai ya yi ta gurnani, can ƙarƙashin gurnanin kuma wata 'yar murya na magana, kamar an rufe mutum a kwalba.

Meshak ya tuɓe riga. Ya cire taransista ɗaya daga ƙananan kayan cikin akwatin ya sa wata, gurnani na nan. Ya bi kowace mahaɗa ya sake narka mata dalma har yatsunsa suka yi bororo. Ya zargi batiri, ya kai aka yi masa caji. Ya zargi lasifika, ya kwance ta, ya sami gidan zanzaro a ciki, ya yi murna, ya fasa, ya mayar, gurnani na nan. Ya zagi mutanen Japan da ba su san yana yi ba. Abu guda ne bai leƙa ba, bayan ɗakinsa.

Ran kwana na bakwai Lai'atu ta dawo. Ta tarar da kwanonin da ta bari a jiƙe sun bushe ƙamas, ta wanke, ta ɗauki ruwan ta watsa inda ta saba. A daidai lokacin Meshak na ciki yana liƙa wa akwatin wani sabon ɗan kayan ciki da ake kira kondensa. Ya kunna. Tsit! Murya garau kamar ta mala'ika.

Ya fito tsakar gida yana tsalle. “Kondensa ce! Na faɗa, kondensa ce!”

Lai'atu ba ta yi makaranta ba sai ajin koyon karatu na coci, amma macen da ke gane tukunya ta kusa ƙonewa daga bakin rijiya ba a raina kunnenta. Ta yi kwana biyu tana lura. Da tsakar rana, in bayan ɗaki ya bushe, akwatin kan soma ƙunƙuni. Da ta watsa ruwa sai ya yi shiru. Ta gwada sau uku ba ta gaya wa kowa ba, sannan ta same shi yana cin tuwon acca.

“Baban Regina, wannan abu naka fa yana shan ruwa.”

Loma ta tsaya masa a hannu. “Yana me?”

“Ƙarfen nan na bayan ɗaki. In na zuba masa ruwa, abin yana yin shiru. In ya bushe, yana kuka. Ba kondo-kondo ɗin nan da ka ce ba ne.”

Meshak ya yi dariya har ya ƙware. “Maman Regina, lantarki ba yakuwa ba ne da za a yi masa ban ruwa. Ruwa da lantarki abokan gaba ne, yana cikin darasi na biyu. Ke dai ki tsaya a kan miya.”

“To, Injiniya,” in ji ta, ta kwashe kwano.

Ranar taro ta zo. Mata fiye da dubu suka cika filin ƙwallon makarantar firamare, kowace da zanen Zumunta da ɗankwali iri ɗaya, ga masu tulun kiɗa da masu caki sun zauna a gaba. Meshak ya iso da kwat da naktaye cikin wannan zafi. Ya ɗaure lasifika a reshen mangwaro, ya ajiye akwati a gindinsa don inuwa. Teburin wa'azi kuwa na can tsakiyar fili, sai ya ƙara wa makirfo waya mai tsawon taku sittin, ya rataya ta a kan sanduna sama da kawunan mutane, ba tare da ya tuna cewa haka ake shanya wa rediyo eriya ba. Ƙarfen wayar ƙasa da ya kafa kusa da akwatin kuma da ƙyar ya shiga rabin taƙi, don filin ya bushe kamar bayan tukunya.

Lai'atu ta zo wucewa da bokitin ruwan shan baƙi a ka. Ta dubi ƙarfen, ta rage murya ta ce, “Baban Regina, bari in ɗan zuba masa ko kofi ɗaya.”

Da ya yi shiru da ya tsira da wani abu. Amma sai ya juya wajen dattawan ikilisiya da ke zaune kusa, ya ɗaga murya ya ce, “Kun ji matata? Wai injina na jin ƙishi!” Dattawa suka yi dariya. Lai'atu ta sauke bokitinta a gefe, ta zauna.

Aka yi waƙa biyu, akwati na ɗan ƙunƙuni, kiɗan tulu ya rufe shi. Sai Rabaran Luka, tsohon da ba a taɓa ganin haƙoransa a kan bagade ba, ya ɗaga hannu ya ce, “Iyayenmu mata, kowa ta rufe ido. Bari mu yi shiru na minti ɗaya, mu tuna da 'yan'uwanmu da suka riga mu zuwa gida a wannan shekara.”

Fili ya yi tsit. Meshak ya ga Rabaran ya ja baya daga makirfo, sai ya murɗe ƙarar har ƙarshe don kada a rasa Amin.

Lasifika ta yi wani gurnani da ya kaɗa ganyen mangwaro. Tsofaffin da suka girma kafin zuwan bishara suka dafe kai, don rabonsu da jin irin wannan murya tun zamanin da ake kora mata ɗaki in dodo ya fito. Kafin su farfaɗo, mutumin nan na cikin kwalba ya fasa kwalbarsa. Wata ƙatuwar murya daga gidan rediyo ta gaishe da masu sauraro a duk inda suke, ta ce ga kiɗan da za su warware gajiya da shi. Sai goge ya ɓarke, irin na gidan giya, da ƙwarya da guɗa da komai.

Ido dubu biyu suka buɗe lokaci guda.

“Yesu!” in ji Mama Afiniki, littafin waƙoƙi ya faɗi daga hannunta. Matan Gwantu suka miƙe suna tsauta wa Shaiɗan. Wata ta goya jakarta ta bar jaririnta a tabarma. Rabaran Luka ya tsaya baki buɗe, ranar aka tabbatar yana da haƙora. Wata tsohuwa daga Manchok kuwa, bakinta na cewa “Allah ya sawwaƙe,” kafaɗunta na bin kiɗan ba da izininta ba.

Meshak ya duƙa kan akwati, gumi na ɗiga daga naktaye. Maɓallin kashewa bai sa ba, don a ganinsa abin da ya haɗa ba mai so a kashe shi. Ya murɗa wannan, goge ya ƙara kauri. Ya murɗa wancan, mawaƙin ya soma wasa wata mai tuwo. Ya kai hannu zai cizge wayar batiri, ashe da safe ya ɗaure ta da fulaya yadda ko jirgi ba zai ja ta ba.

“Injiniya, kashe shi!” in ji dattawa. “Kashe shi mana!”

Lai'atu ta tashi ba gaggawa. Ta gyara zanenta, ta ɗauki bokiti, ta ratsa ta gaban mijinta, ta juye ruwan nan kaf a gindin ƙarfe. Ƙasa ta shanye tana ƙara. Goge ya soma ja da baya, ya koma cikin kwalbarsa, ya ɓace. Aka yi shirun da Rabaran ya nema tun farko. Cikin shirun nan makirfo ya ɗauko muryar tsohon, garau, har bakin tasha, yana tambaya, “'Yata, me kika yi masa?”

“Ƙishi yake ji, Baba,” in ji Lai'atu.

Kwana uku aka yi ana taro, akwati bai sake ko tari ba, domin Zumunta ta naɗa Lai'atu kan aikin, duk bayan waƙa uku ta zuba kofi biyu. Ranar Litinin Mama Afiniki ta je rumfar Meshak da tsani da ɗan gwangwanin fenti. Ya tsaya yana jiran ta sauke allo kamar yadda ya yi alkawari. Ba ta sauke ba, mace ce mai tausayi. Kalma ɗaya kawai ta ƙara a sama. Shekara da shekaru direbobin jirgi na karantawa tun ba su taka birki ba: MIJIN INJINIYA.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimi bai ƙare a littafin da ka karanta ba, balle in darasi uku ne. Wanda yake zaune kusa da abu kullum yana ganin abin da gwani bai gani ba. In aka kawo maka shawara, ko daga bakin wa ta fito, gwada ta tukuna kafin ka yi dariya. Kofi ɗaya na ruwa da aka miƙa a asirce Meshak ya ƙi, ya sha bokiti guda a gaban mata dubu.