Rami a Buhu

An yi wani manomi, Jatau, da kamfanin haƙar mai ya karɓi hayar gonarsa. Suka haƙa rijiya, suka daina biya. Jatau ya kai ƙara wurin hakimi a soke hayar.

Wakilin kamfani ya ce, "Ranka ya daɗe, da me za mu biya? Ramin ba komai a cikinsa."

Hakimi, wanda kamfanin ya saya wa sabuwar mota, ya gyara rawani ya ce, "Jatau, gona taka ce, rami nasu ne. Ka kawo musu raminsu nan, sai in soke."

Washegari Jatau ya dire buhu a gabansa. "Ga raminsu, ranka ya daɗe."

Hakimi ya leƙa. "Ai ba komai a ciki."

"Shi ne fa. Haka wakili ya kwatanta shi jiya."

Wakili ya zabura. "Ƙarya ne, namu cike yake da mai."

Jatau ya miƙa masa buhun. "To, zaɓi: ko ka ɗauki raminka ka bar mini gonata, ko ka cika wannan da kuɗin haya. In ya yi nauyi, ga motarku nan a ƙofar hakimi."