Fadamar da Taswirar Barau Ta Ce Babu Gauraka

Ku gyara zama, ku masu son gardama, yau na kawo muku wadda za ta raba ku gida uku.

An yi wani malamin jami'a, Farfesa Barau, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin tsuntsaye, yana zana inda kowanne yake zaune da inda ba ya zama. Taswirarsa ta gauraka ita ta fito da shi. Duk mai rubutu kan tsuntsun nan, gida da waje, sai ya ambaci Barau. Shi ma fa ya san da haka, don in yana magana ba ya son a ce masa "amma".

Kwatsam sai wani kamfanin rake ya nemi a ba shi fadamar Kukar Ruwa, ya janye ruwanta ya yi shuka. Da hukuma ta tambaya ko akwai halittar da za a cuta, sai kamfanin ya shimfiɗa taswirar Barau. Wurin fadamar fari fat, ko ɗigo ɗaya mai nuna gauraka babu. Hankalin Barau ya tashi ƙwarai. Da sunansa za a kashe fadama, ga shi ba bakin musu, tunda hannunsa ne ya zana.

To, yana da ɗalibai uku da ya yaye.

Ta farko Uwani, gwanar kwamfuta. Ta ɗora taswirar malaminta a kan ta hanyoyin mota, sai ta ga ɗige-ɗigen duk sun jeru a bakin titi kamar masu tallar mangwaro. Ashe da rani Barau yake fita, lokacin da motar jami'a ke iya shiga daji, shi kuwa gauraka da damina yake sheƙa a tsakiyar ruwa. Ta same shi a ofis ta ce, "Malam, a gafarce ni. Taswirar nan ba inda gauraka yake ta nuna ba, inda motarka ta kai ta nuna." Barau ya kore ta, ya daina amsa gaisuwarta. Ba ta fasa ba. Ta haɗa lissafin ruwan sama da zurfin ruwa da irin ciyawa, ta nuna wani lungu na fadamar, ta ce a duba can. Sai da fushin ya sauka Barau ya gane gaskiyarta.

Na biyu Ilu, wanda ba ya iya zaman ofis ko an ɗaure shi. Ya ɗauki kyamara ya shiga kwalekwale a tsakiyar damina. Inda kwalekwale ya ƙi wucewa ya sauka da ƙafa, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na shan jininsa, sauro na biki. A lungun nan da Uwani ta nuna ya tarar da sheƙa da ƙwai, uwa na tsaye a kai. Ya dawo da hotuna, ya kuma dawo da zazzaɓin da ya tafi da jin kunnensa ɗaya.

Ta uku Talatu, wadda ta bar bincike ta kama aikin ma'aikatar muhalli, har Barau yake cewa ta yi masa asarar karatu. Sa hannunta kaɗai ya rage katafila ta shiga fadama. Aka lallashe ta, aka yi mata barazana, ta ce sai Ilu ya dawo. Haka ta cije har hotunan suka iso teburin hukuma. Sakamakonta, aka hana ta ƙarin girma, aka jefa ta wani ofis can ƙarshen jiha.

Fadama ta tsira. Barau ya miƙe gaban taron masana ya janye taswirar da ta yi masa suna, ya gabatar da sabuwa, ransa fes.

Yanzu ritayar Barau ta zo. An gina tashar bincike a bakin fadamar, an ce shi zai zaɓi shugabanta, kujerar kuwa ɗaya ce. Ya juya abin ya rasa mafita. Ba don Uwani ba, Ilu bai san inda zai nufa ba. Ba don Ilu ba, maganar Uwani hasashe ce. Ba don Talatu ba, da katafila ta riga su duka biyun.

To, jama'a, ku da ba ku rasa ta cewa, wa Barau zai miƙa wa kujerar nan?