Shafin da Wilmer Ya Gina wa Yayarsa

Wilmer Arrieta saurayi ne mai kaifin basira a unguwarmu da ke garin Santa Marta, amma gaggawa ta yi masa yawa. Doña Nubia, mai gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet, ta ɗauke shi aiki bai san komai ba, tana koya masa a hankali. Kullum sai ta sa shi ya rubuta abu da hannunsa, ya gwada, ya sake gwadawa.

Bai yi nisa ba ya ƙosa. Ya ce, "Doña, wannan wahalar ta mutanen da ce. Yanzu shafi a shirye ake samunsa, launi kawai za a canza."

Ta ce, "Ɗana, ranar da ya lalace fa, launin ne zai gyara maka?"

Ya yi dariya, ya ajiye aikin.

Yayarsa Maritza tana da ɗan masauki a bakin teku, da shi take riƙe 'ya'yanta da mahaifiyarsu. Wilmer ya kwafo shafin wani, ya zuba hotuna masu kyau, ya ce daga yau baƙi su kama ɗaki da kansu. Bai taɓa gwada abin da zai faru in mutum biyu suka nemi ɗaki ɗaya ba.

Hutun Ista ya zo. Da rana tsaka iyalai suka cika ƙofar masaukin, kowa da shaidar biya a wayarsa. Ashe shafin ya yi ta sayar da kowane ɗaki ga duk wanda ya nema. Gari ya cika, babu gado ko'ina. Wata mata daga birnin Bogotá ta zauna a kan akwatinta da jariri tana kuka.

Maritza ta riƙo rigar Wilmer. "Ka rufe abin nan, Wilmer. Har yanzu mutane biya suke yi."

"Yaya, ina ƙoƙari."

Ya buɗe cikin shafin. Rubutu ne jere, bai gane ko layi ɗaya ba. Ya goge wani abu, hotuna suka ɓace, biya bai tsaya ba. A ƙarshe ya kira Doña Nubia yana roƙo. Ta zo ta rufe shafin, ta ce, "Wannan na iya. Mutanen da ke tsaye a rana kuwa, ba ni da maganinsu."

Maritza ta ba baƙi ɗakinta har da gadon mahaifiyarsu, amma bai isa ba. Sunan masaukin ya ɓaci a intanet, baƙi suka ɗauke ƙafa. Kafin shekara ta zagayo Maritza ta sayar da masaukin. Yanzu arefa, wato wainar masara, take soyawa a tashar mota. In Wilmer ya zo, takan miƙa masa guda a takarda, ba ta kallon fuskarsa.

Darasin shi ne, sana'a ba a kanti ake ɗaukarta ba, a hannun wanda ya iya ake koyonta, da haƙuri. Wanda ya raina koyo ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa, sau da yawa ba shi ke shan wuyar ba, wanda ya yarda da shi ne.