Gonar Gwoggo Tabawa da Muryar Waya

Ku gyara zama ku ji, in na gama ku za ku yanke hukunci.

Gwoggo Tabawa tsohuwa ce mai gona ɗaya tak, gadon mijinta. Ɗanta na fari, Shitu, direban tirela ne a kudu. Kun san kunyar ɗan fari: shekara arba'in ba ta taɓa kiran sunansa ba, alhali duk duniya ba wanda take so kamarsa.

Wasu gungun 'yan damfara suka sace wayar Shitu, suka kwaikwayi muryarsa da na'ura, suka kira ta. Ta ji yana kuka: "Inna, na yi hatsari, ki cece ni." Sai wata mace ta karɓa, wai ma'aikaciyar asibiti ce, ta ce in kuɗi ba su zo cikin kwana uku ba za a yanke ƙafarsa. Mugayen sun san tsohuwa irinta ba za ta fita tana cigiyar ɗan fari ba. Ta haɗiye kukanta, ta sa gonar a kasuwa a ɓoye.

Aminiyarta Dudu ce ta lura goro ya kwana a bakin zanen Gwoggo ba a taɓa shi ba. Sai ta zauna kusa da ita ta ce, "Shitun nawa ne, ko?" Gwoggo ta fashe da kuka, ta zayyana mata komai. Dudu ba ta yarda da labarin ba, ta garzaya wurin dillalin gonar, ta faɗa masa zarginta.

Dillalin, Malam Ɗanjuma, ga mai saye a hannu, ga la'ada mai tsoka, ga 'yarsa za ta yi aure. Amma ya yi ta jan ƙafa, yau mai unguwa ba ya nan, gobe shaidu ba su cika ba. Gwoggo ta zage shi tas, ya shanye.

Rana ta uku matar nan ta sake kira, murya ƙasa-ƙasa. Ashe duk kiran da suka yi tana jin yadda tsohuwar ke cewa "yaron nan", ta kasa faɗin sunansa, sai ta tuna da tata uwar. Ta ce, "Inna, ƙarya muke yi. Ɗanki lafiyarsa ƙalau. In suka ji ni, na shiga uku." Daga nan ba a ƙara samun lambar ba.

Bayan mako guda Shitu ya iso da ƙafafunsa biyu. Gwoggo ta juya wa ƙofa baya, hawaye na zuba, ta ce, "A ba baƙo ruwa."

Da kaka ta ware damin dawa na farko don wanda ya cece ta. To, wa ya fi cancanta: Dudu da ta gano ciwon, Ɗanjuma da ya bar la'adarsa, ko ɓarauniyar da ta sayar da ranta, wadda har yau Gwoggo ke yi wa addu'a ba ta san sunanta ba?