Kuregen da Ya Koyi Kalma Ɗaya

Inna ta rasu, kuma ita ce mai tono mana gyaɗa. Ni Kurege ban gaji komai nata ba sai yunwa.

Karatuna bai wuce abin da na tsinta a ƙofar Malam Dila, alƙalin daji ba. Can na ji kalmar "ɓatacce". In mutum ya sayar da abin da ba ya hannunsa, cinikin ɓatacce ne, alƙali ba zai tilasta masa ya cika ba. Na daka tsalle na ce, "Yau na zama malami!"

Na naɗa rawanin ganye na sami Kura. "Yaya Kura, dillali ne ni. Ɗan da ke cikin Ɓauna na sayarwa ne."

Miyau ya zubo mata. Ta biya da ƙwaryar gyaɗa, na cinye tas. Ɓauna ta haihu, Kura ta je ɗaukar kayanta, ta sha ƙaho. Ta ja ni gaban Malam Dila tana ɗingishi.

Ya ce, "Ɓatacce!"

Na ce, "Allah ya ƙara wa Malam sani. Ƙanana ne mu, amma kanmu ya fi na giwa nauyi!"

Da gari ya waye na sayar wa Zaki ruwan saman baɗi. Shi ma haka. Sai dai Zaki bai damu da hukunci ba, ni yake nema. Dole in haye kogi.

Na ce da Kada, "Baba, haye da ni lafiya, balbelun can da ke shawagi duk naka ne."

Ya ce, "Hau, ɗana."

Ko tayi bai yi ba, ni kuwa daƙiƙi ban tsargu ba. Muna tsakiyar ruwa ya tsaya.

"Ɗana, balbelun nan suna hannunka?"

"Ba sosai ba, Baba."

"Malam Dila a bakin kogina yake alwala, muna hira. Me yake kiran irin wannan ciniki?"

Da bakina na faɗa: "Ɓatacce."

"To, ashe ni ma babu mai tilasta mini in kai ka gaci."

Ya wangame baki. Na yi tsalle na cafki reshen da ya ranƙwafo daga tsallaken kogin, na bar masa rabin wutsiyata. Gudu nake ina ihu, "Ai ƙarshenta ka samu, can babu nama!"

Yanzu ina wannan tsallaken, ba na iya zama sai a karkace. An ce akwai wata Giwa a nan mai rumbun dawa. Jama'a, ku taya ni addu'a: Allah ya sa ba ta taɓa zama da alƙali ba. Ku ce amin.